Man Jirginku Ya Iso Ƙwaryar Akuyarmu

Zuwa ga Shugaban masu duba jiragen ruwa, a babbar tashar bakin teku inda ake sauke hatsin taimako, wanda ban san sunansa ba amma na san farar rigarsa.

Ranka shi daɗe, assalamu alaikum. In kuma kai ba Musulmi ba ne, to bonjur, kuma Allah shi sa wannan takarda ta same ka lafiya. Ina gajiya, ina iyali, ina fama da jama'a? Ina ruwa? Wannan gaisuwa ta ƙarshe tamu ce ta damina, amma shekarun nan mun jingine ta, don duk wanda ka yi wa ita sai ya ɗauka ba'a kake masa. Kai kam na yi maka ita da zuciya ɗaya, tunda na ga naka ruwan da idona, kuma na shaida yana nan cike.

Sunana Illo ɗan Mamman, daga wani ƙauye arewa da Barmu, cikin ƙasar Adar. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo na yi, shi ma ban kai ƙarshe ba malam ya ce in je in huta, shi ma ya huta. Da ajami na rubuta wannan takarda, sannan na kawo ta Tawa wurin Mushe Yakubu, wani malamin lakwal mutumin Maraɗi, ya juya ta boko. Ya so ya cire wasu wurare, wai ba haka ake yi wa manya magana ba. Na ce ya bar su yadda suke, in ya so laifin a wuyana. Na bar ta a buɗe don ban san lambar akwatinka ba. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, za su sauko da ita, wanda duk ya tsince ta ya karanta, ya miƙa gaba har ta same ka.

Za ka ce mi ya hana ni kai kuka wurin sojan da ke raba mana hatsin. Dalili biyu ne. Ba shi ya tuƙo jirgin ba. Sannan bulalarsa tana kusa, kai kuwa kana nesa.

Ga maganata, daki-daki.

Na ɗaya, yadda na san ka.

Bara da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, na bi sahun samarin garinmu na tafi biɗa, wato neman kuɗi, can kudu ƙasar Kurmi, kamar yadda iyayenmu suka saba. Wasu suka kama tallar shayi, wasu gadi, ni Allah ya jefa ni tasharka, ina dakon buhu daga cikin jirgi. Kafin nan babban ruwan da na taɓa gani shi ne tafkin bayan gari, wanda jaki ke ƙetarewa bai jiƙa cikinsa ba. Ranar da na ga teku sai da na zauna ƙasa. Na ce ashe nan ruwan Adar yake zuwa biɗa shi ma, shi ya sa ba ya komawa gida.

Wani tsohon ma'aikacin jirgi da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan ya gaya mini akwai doka a kan kowane jirgi. Kada ya yi yoyo. Kada a zuba abinci a cikinsa sai an wanke shi. Kada ya zubar da baƙin mai a ruwa. Kuma ƙananan kwale-kwalen da ke rataye a gefensa su zama a shirye, don ranar da babban zai nutse. Ya ce akwai mutum guda da aikinsa ke nan, ya hau ya duba, in bai gamsu ba ya hana sauke kaya. Na ce lalle wannan babban mutum ne, ina son in gan shi.

Na kuwa gan ka. Wani jirgi ya iso da jar dawa, tsoho tukuf, tsatsa ta ci shi har fentin ya zama kamar ƙyasbi. Aka ce mu dakata, mai dubawa zai hau. Ka taho da farar riga da farin wando da farar hula, har da farin takalmi, kamar wanda za a ɗaura wa aure. Ka hau, ka shiga ɗakin mai jirgi, aka rufe ƙofa. Muna ƙasa cikin rana muna jin ƙamshin soyayyar kaza. Da ka fito kana goge baki da farin hankici, ka ɗaga mana hannu, aka ce mu fara aiki.

Ban ce ka yi wani abu ba, ranka shi daɗe. Cin kaza ba laifi ba ne, ni ma da an kira ni da na shiga. Abin da na lura da shi kawai, rigar nan yadda ta hau fes haka ta sauko fes. Mu kuwa da muka shiga ramin jirgin sau ɗaya, uwar da ta haife mu ba ta gane mu.

Kajin ma na san inda suke kwana. A cikin kwale-kwalen ceto ne. An shimfiɗa musu buhu, an rufe da waya, igiyar da za a sauke shi da ita kuwa an shafe ta da fenti har ta manne da ƙarfen. In jirgin nan ya tashi nutsewa, kaji ne kaɗai ke da wurin zama, su ma ba mai iya sauke su.

Na biyu, abin da ke ƙasan tsani.

Tunda ba ka sauka ba, bari in ba ka labari. Akwai tsani na ƙarfe, wasu matakansa sun cire, sai mutum ya miƙa ƙafa yana salati. Buhunan sama lafiyarsu lau. Na tsakiya ba laifi. Na ƙasa kuwa kwance suke cikin wani baƙin ruwa mai wari, rabi gishiri rabi man inji, wanda ke tsattsafowa daga bango. In ka ɗora buhu a kai sai ya bi maka ƙeya har gadon baya. Na ce wa shugaban leburori, wannan fa ba na ci ba ne. Ya ce in rufe baki in ɗauka, za a shanya a rana a sake buhu, mutanen da za a kai wa ba su da zaɓi. Bai san ni ɗan mutanen ba ne. Ko ya sani, oho.

A garinmu, ranka shi daɗe, ba mai zuba sabon gero a rumbu sai ya shiga ciki da kansa. Ya share, ya toshe ramin ɓera, ya yaɓe tsaga da sabon laka, ya bar shi ya sha iska. Tsohon da gwiwa ta hana shi hawa, jikansa yake turawa, kuma in jikan ya fito sai ya sansana hannunsa. Mu da muke auna ruwa da ludayi muke yin haka. Ku da kuke zaune a kan ruwa, an rasa wanda zai ɗauraye rumbu ɗaya.

Na uku, abin da ba ku sani ba game da buhu.

Ku a wurinku buhu abu ɗaya ne, a ɗauka a jefa a mota. A gidanmu abu huɗu ne. In mace ta surfa dawa, tsabar ta mutane ce. Dusar ta dabba ce. Ruwan da aka wanke tsabar da shi, wanda muke kira ƙasari, ba a zubarwa ko da damina, balle yanzu. Shi ma na dabba ne, shi ne shayinta. Buhun kansa kuma ya zama ƙofar ɗaki ko wandon yaro. Don haka duk abin da ya shiga buhu a wurinku, ba shi da hanyar fita a wurinmu. Sai ya bi ta cikin wani.

A nan zan gabatar maka da mutum biyu. Ta farko kakata Dije, wadda ta rene ni tun rasuwar uwata. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma bakinta ya fi na mai haƙora kaifi. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, kuma kullum tana barazanar kai ni gaban alƙali don ban taɓa yi mata zane ba. Ta biyu akuyarta. Kafin fari kakata tana da garke, in sun taso daga kiwo sai an kauce musu a hanya. Fari ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka faɗi, wasu aka sayar a kasuwar Tawa a kuɗin da ba ya sayen igiyarsu. Guda ta rage, ta sa mata suna Ragowa. A ɗaki ɗaya suke kwana. Ɗiyata take ce mata. Kuma lokacin da nake wurinku ina dako, Ragowa tana da ciki. Duk lissafin kakata a kan cikin nan yake: ta haihu, a samu nono, tsohuwa marar haƙori ta samu abin dama fura, garke kuma ya sake tsiro daga tushe.

Na huɗu, kuskurenmu, don kada ka ce naku kaɗai na lissafa.

Hatsin ya riga ni isa gida. Sojoji suka kawo shi a kamiyo, aka yi layi, aka raba da tiya, kowa ya gode wa Allah ya gode wa gwamnati. Da aka buɗe buhu aka ji wani wari-wari. Amma ka tuna, duk tsofaffin da suka rage a garin ba wanda ya taɓa ganin teku, samarin da suka gani kuwa duk muna can. Sai aka zauna aka yi shawara a gindin bango, aka yanke cewa haka abincin ƙetare yake, ƙamshin ƙasar Nasara ne. Har wani ya ce shi ya sa suke da ja.

Kakata ta surfa nata, ta wanke. Sai ta ga wani abu yana yawo a kan ƙasarin, yana walƙiya, kore da shuɗi da ja kamar wuyan tantabara. Ta kira maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Ta ce dawar Nasara don ƙoshi har maiƙo take fitarwa, kamar romon rago. Tuwon ta ci kaɗan ta ture, ta ce ya yi mata ɗaci. Amma ƙasarin nan mai maiƙo, ta hana kowa taɓa shi. Har gida-gida ta bi tana roƙon nasu, wai mai ciki ce ta fi buƙata. Ragowa ta sansana ta kau da kai. Kakata ta ce kunya ce irin ta mai ciki, ta hana ta wani ruwan har ƙishirwa ta sa ta sha. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki.

Ranar da na iso, bayan an gama gaisuwa an gama yi mini tsiyar na dawo da akwati ba nauyi, ta jawo ni da hannu ta nuna mini ƙwaryar. Ta ce, “Maigida, kai da ka tahi ƙasarsu ka dawo kamar kara, dubi abin da ɗiyata ka sha tana zaune gida.”

Ranka shi daɗe, ni mai yawan dariya ne, an san ni. Amma da na leƙa ƙwaryar nan ban yi dariya ba. Na san wannan walƙiya. Ita ce a kan ruwan tasharka kullum safiya, kewaye da jirage, da matattun kifaye suna yawo a ciki ciki sama.

Na biyar, abin da ya biyo baya.

Washegari Ragowa ta kwanta. Ciki ya kumbura, zawo ya ɓalle, ta ƙi ko kallon dusa. To ka san halin mutane. Akuya tana lafiya, Illo ya dawo jiya, yau akuya ta kwanta tana warin kananzir. Ba a ko yi shawara ba aka yanke hukunci. Da yake duk abin da ya faru a garin nan, ko jaki ne ya kwana da hular liman a kansa, sunana ake fara kira, ban yi mamaki ba. Kakata ta ɗauko muciya ta ce, “Ɗan nema, mi ka zuba ma ɗiyata? Wasanka da ni ne, ita mi ta yi ma?”

Na rantse, na ba da labarin jirgi, da tsani, da baƙin ruwa, da kaji a kwale-kwale. Wurin kajin nan ne na ɓata shari'ata, don daga nan kowa ya tabbata ƙarya nake shirgawa.

Wanda ya cece ni Agali ne, wani Buzu da fari ya cinye raƙumansa ya dawo gefen garinmu da zama. Ya durƙusa ya buɗe bakin akuyar ya sansana, ya je ya sansana buhun, ya sa hannu har ƙasa ya damƙo dawa ya murza. Tafinsa ya yi baƙi. Ya ce wa kakata, “Tsohuwa, aje muciya. Jikanki shaiɗani ne, amma bai da kuɗin sayen mai mai yawa haka.” Wannan ita ce shaida mafi kyau da aka taɓa yi mini, kuma na gode masa.

Shi ya jiƙa kanwa da garin gawayi muka ɗura mata. Muka yi ta ɗurawa. Ni kuma na koma ɗan rijiya. Rijiyarmu in ka jefa guga sai ka gama gaisawa da mutane kafin ka ji ya taɓa ruwa, kuma abin da ke fitowa rabi laka ne. Da wannan ruwa nake wanke dawarku, in sake wankewa, in sake, sannan in ɗauki ƙasarin in kai bayan gari in haƙa rami in zuba in rufe, kada dabbar wani ta samu. Ranar farko da kakata ta ga ina zubar da ruwa a ƙasa da hannuna, cikin wannan shekara, juya baya ta yi ta shige ɗaki. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ragowa ba ta mutu ba, alhamdu lillahi. Amma ta yi ɓari. Ɗan ya fito da gashinsa da kofatonsa, mace ce, ja mai farin goshi. Kakata ta naɗe ta a tsumma ta ba ni ta ce in kai nesa inda karnuka ba za su tono ba. Da na dawo na same ta zaune ta ɗora kan akuyar a cinya tana ce mata, “Ni na ba ki da hannuna. Ni na bi gida-gida.”

Na shida, gajere ne. Mutanen da ke kama kifi a bakin tasharka ba 'yan'uwana ba ne, ko yarensu ba na ji. Amma na ga matansu suna wanke kifi suna sansanawa suna jefarwa. Abin da ya sami ƙwaryar kakata shi ke samun tasu ƙwaryar kullum, sai dai tasu babba ce, ba a iya haƙa mata rami a bayan gari.

Yanzu ga roƙona.

Ban ce buhun da ya zo gidanmu daga wancan jirgin ya fito ba. Buhu ba shi da fuska, kuma jirage irinsa na gani ba ɗaya ba. Ban kuma ce ka biya akuya ba. Ko ka so, ban san yadda za ka aiko da ita ba, direbobin nan za su yanka ta tun kafin Dosso.

Abin da nake roƙo, ka sayi riga mai duhu. Shuɗiya ko baƙa, irin wadda ba a jin tausayinta. Farar ka ajiye ta don ranar salla. In jirgin abinci ya iso, ka ci kazarka, ba mai hana ka, amma bayan ka wanke hannu ka nemi tsanin nan ka sauka har ƙasa. Ka sa a gyara matakan tukuna, ba na son alhakinka. Ka sa hannu ƙarƙashin buhun ƙarshe ka sansana. In ka ji abin da ba za ka kai gidanka ba, kada ka bari a ɗora shi a motar da ta nufo arewa.

Ina roƙo a hana shanya jiƙaƙƙen hatsi a sake masa buhu. In ya lalace a ce ya lalace. Yunwa muke ji, gaskiya ne, amma yunwa ba ta mai da cikin mutum injin jirgi.

Ina roƙo jirgin da zai zubar da baƙin mai a ruwa a tsare shi har sai ya kwashe abinsa. A kuma fitar da kajin nan daga kwale-kwale a kwance igiyar, don ma'aikatan jirgin su ma 'ya'yan wasu ne, akwai tsofaffin da ke jiran su.

In kuma aikin ya yi maka yawa, muna da ma'aikaciya. Tun da Ragowa ta tashi, hancinta ya zama abin tsoro. Buhu yana bakin ƙofa za ta san halinsa. Yanzu duk garin nan ba mai surfa dawar taimako sai ya kawo tiya ɗaya gabanta. In ta sa baki, a ci. In ta kau da kai, a koma rijiya. Ba ta karɓar kaza, ba ta da farar riga. Da ba don ta rame ba da na aiko maka ita aro.

Wannan na faɗa da wasa, amma ga inda wasan ya ƙare. Kakata ta yi rantsuwa ba za ta ƙara sa wa bakinta abin da akuyar nan ta ƙi ba, ko an wanke shi sau nawa. Ranar da Ragowa ta kau da kai, tsohuwa sai ta ƙara ɗaure zane a ciki ta kwanta. Nonon da ta sa rai babu shi bana. Wuyan hannunta yanzu yatsana biyu suna zagaye shi. Jiya a tashar Tawa na ji direbobi suna cewa wani jirgin dawa ya iso wurinku, za su sauka ɗauko kaya. Abin da ke ƙasan wannan jirgi shi za ta ci har kaka, ko shi za ta ƙi ci. Ni ba ni da wata dabara da ta rage. Na gwada lallashi, na gwada tsokana, har zanen na yi mata alkawari.

Allah shi ba ka lafiyar gwiwa. Allah shi tsare ka daga santsin tsani, shi kare jiragenka daga nutsewa, shi kai ma'aikatansu gida lafiya. Allah shi ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma shi ba mu damina mai albarka, mu daina wahalar da ku da dakon abincinmu. In ka taɓa biyowa ta Adar ka tambayi gidan Dije mai akuya ɗaya. Za ta zage ka, amma za ta ba ka ruwa, ko shi ke nan gare ta.

Ka sauka tsanin nan, ranka shi daɗe. Tana jira.

Wassalam.

Naka mai ladabi gwargwadon iko,
Illo ɗan Mamman, jikan Dije,
daga arewacin Barmu, ƙasar Adar.